Karin Kumallo da Ƙiba: Yadda Za Ka Tsara Abincin Safenka

Duk wanda ya taɓa yunƙurin rage teɓa ya ci karo da shawarwari biyu masu saɓa wa juna game da abincin safe. Wasu za su ja masa kunne cewa kada ya kuskura ya fita bai karya ba, domin wai yunwar safe ce take sa jiki ya riƙa tara kitse, wasu kuma su ce ya yi watsi da karin kumallon gaba ɗaya, ya haƙura sai azahar, tumbin zai sace da kansa. Kowane ɓangare yana magana da yaƙini, amma gwaje-gwajen da aka yi ba su ba kowannensu cikakkiyar gaskiya ba. Abin da ya fi tasiri a kan nauyin jiki shi ne abin da ke cikin kofin da kwanon, da kuma ko abin da aka ci ya riƙe ciki har zuwa abincin rana ba tare da an yi ta ciye-ciye a tsakani ba.

Abin da gwaji ya nuna

An daɗe ana lura cewa masu karyawa kullum ba su kai masu tsallakewa yawan ƙiba ba. A Amurka akwai wani kundin rajista da aka buɗe a shekarar 1994 domin mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 kuma suka riƙe ragin har shekara guda ko fiye, kuma kashi 78 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya a cikinsu sun ce suna karyawa kowace rana. Sai dai lura daban, gwaji daban, domin mai karyawa a kan lokaci sau da yawa shi ne mai kwanciya da wuri, mai motsa jiki, mai tsari a sauran harkokinsa, saboda haka ba a iya rantsuwa cewa abincin safen ne ya hana shi ƙiba.

Da aka zo aka raba mutane ta hanyar ƙuri'a, aka ce waɗannan su karya waɗancan su bari, sai labarin ya sauya. A shekarar 2014 masana a ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Alabama sun bi manya sama da 300 masu son rage nauyi har mako 16, ba su ga wani bambancin a-zo-a-gani tsakanin ɓangarorin ba. A wannan shekarar dai, a Jami'ar Bath ta Ingila, an auna ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana hutawa, aka tarar barin karin kumallo na mako 6 bai rage shi ba, wanda hakan ya rushe zancen cewa yunwar safe tana kashe injin jiki. Abin da aka gani kawai shi ne masu karyawa sun fi yawan motsi da kai-komo, sun kuma fi cin abinci a jimillar yini. A 2019 masana daga Jami'ar Monash ta Ostareliya suka tattara gwaje-gwaje 13 suka duba, suka samu masu karyawa suna cin ƙarin kalori kimanin 260 a rana, masu tsallakewa kuma sun ɗan fi su sauƙin nauyi da abin da bai kai rabin kilo ba. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kuma abin da aka saba ƙiyastawa shi ne babbar mace tana bukatar kimanin 2,000 a rana, namiji kimanin 2,500, gwargwadon girman jiki da nauyin aiki.

Gwajin da ya fi amfani ga mai neman tsara cimarsa shi ne na Jami'ar Aberdeen a 2022. An ba mutum 30 abinci mai adadi ɗaya, a wata guda aka jibga mafi yawansa da safe, a wani watan aka mayar da mafi yawansa dare. Nauyin da suka rage a watannin biyu ya zo kusan daidai, kimanin kilo 3 a kowane wata, amma a watan da suka fi ci da safe sun ce yunwa ba ta dame su sosai ba. Amfanin karin kumallo mai kyau ke nan: yana danne yunwa, kuma wanda yunwa ba ta fitine shi ba ya fi iya jure rage cin abinci na tsawon lokaci.

Fara da sanin cikinka

Kafin ka sauya komai, ka ɗauki mako guda kana rubuta abubuwa huɗu a ƙaramin littafi ko a waya: lokacin da ka fara sa wani abu a baki, abin da ka ci da yawansa, lokacin da yunwa ta dawo, da abin da ka ci tsakanin safiya da azahar. Kada ka bar komai, har da gyaɗar da aka miƙa maka a shago, da lemon kwalbar da baƙo ya sa aka sayo, da ragowar fanken yara. Bayan kwana bakwai za ka gane ko kai wane ne. Akwai mai tashi da kumallo na gaske, wanda in bai ci ba kafin hantsi ya ɗaga sai jikinsa ya fara rawa, ransa ya ɓaci, ya ɓuge da sayen cincin da lemo. Irin wannan barin karin kumallo asara ce gare shi. Akwai kuma wanda ba ya jin yunwa ko kaɗan da safe, tura abincin kawai yake yi domin an ce masa dole ne, ko domin kada uwargida ta ji babu daɗi. Shi wannan babu laifi ya jinkirta.

Aiki ma yana da nasa hukuncin. Manomin da zai kama noma tun sanyin safiya, da lebura, da ɗan dako, da mai tura kurar ruwa, dukkansu da ruwan ciki suke jan na rijiya, kuma kwanon da ya dace da su zai yi wa mai zaman ofis ko mai tsaron shago yawa. Yawancin karin kumallonmu na gargajiya an gina shi ne a kan rayuwar masu fita gona, sai ga shi yau ana cin adadin nan, har da ƙarin sukari da mai, sannan a hau mashin a je a zauna a kujera har la'asar.

Kofin shayi da kwanon koko

Nan ne ɓarnar ta fi ɓoyewa, domin abin sha ba ya cika ciki kamar abin taunawa, mutum kuma ba ya lissafa shi a matsayin abinci. Ka tsaya a teburin mai shayi da sassafe ka zuba ido a kan haɗin kauri guda ɗaya. Zai ɗauko babban kofi ya zuba sukari cokali uku ko huɗu, kowanne a tule, ya kawo Milo ko Bournvita, waɗanda su ma da nasu sukarin a ciki, ya tsiyaya madara, sannan ya ɗaga kofin sama yana juye shi cikin wani har kumfa ta taso. Kafin a yanka biredi a shafa masa bota, kafin a ɗora indomi biyu a wuta a fasa ƙwai cikin mai, tuni kofin shi kaɗai ya cinye ko ya kusa cinye kason sukarin yinin gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, wato kimanin gram 50 ko ƙaramin cokali 12, kuma ya fi kyau a tsaya a gram 25, wato cokali 6. Ƙaramin cokali a shafe gram 4 ne, kalori 16, amma cokalin mai shayi ba a shafe yake zuwa ba. Mai shan cokali 6 kullum a shayi kaɗai yana shanye gram 720 a wata, ya doshi kashi uku cikin huɗu na kilo. Zuma da mazarƙwaila ma suna cikin wannan lissafin, don haka wanda ya bar farin sukari ya koma kwarara zuma a kofi bai rage abin kirki ba.

Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce ragewa a hankali. Ka auna abin da ka saba sa wa, ka cire rabin cokali, ka zauna a haka mako guda, sannan ka sake cire rabi. Harshe yana sabawa, kuma bayan 'yan makonni kofin da ka saba sha a da zai yi maka zaƙi har ya gundure ka. Ka zaɓi ɗaya tsakanin sukari da garin Milo ko Bournvita, kada ka haɗa su. Ka ƙara citta da kanumfari da kirfa ko na'a-na'a, domin ƙamshi yana rufe gurbin da zaƙi ya bari. In a waje kake sha, ka ce wa mai shayin ya miƙo maka cokalin ka zuba da hannunka; ba zai ƙi ba, sukarinsa ne ma ya huta.

Koko kuwa ba a ce a bar shi ba, sai dai a san abin da yake. Ana jiƙa gero ya kwana, a markaɗa shi da kayan yaji, a tace, a zuba wa dabbobi dusar, a bar gasarar ta kwanta. Wannan dusar da aka ba akuya ita ce ke ɗauke da mafi yawan abin da ke sa abinci ya jima a ciki, abin da masana ke kira faiba, don haka abin da ya rage a kwanon mafi yawansa sitaci ne mai saurin narkewa, wanda in aka ƙara masa sukari aka sha shi tsura, yunwa za ta dawo tun kafin walaha. Gyaran yana da sauƙi. A ƙayyade adadin ludayi maimakon a sha sai ciki ya ɗauka, a rage sukarin kamar yadda aka yi wa shayi, kuma kada a sha shi shi kaɗai. Kakanninmu da suka aura wa koko ƙosai sun san abin da suke yi, har a Gana ma da wannan haɗin aka san kokon Hausawa, domin waken ne ke riƙe ciki bayan kokon ya wuce. Wanda ke dama kunu a gida yana iya komawa ga kunun tsaki ko kunun garin gero da ba a tankaɗe shi sosai ba, ko kunun gyaɗa mai ƙarancin sukari, muddin ya tuna gyaɗa mai gare ta, ƙaramin kofi ya isa.

Man suya

Gram ɗaya na mai kalori 9 ne, alhali gram ɗaya na sitaci ko na furotin, wato sinadarin gina jiki, kalori 4 ne, kuma babban cokali guda na mai, man gyaɗa ne ko manja ko man shanu, ya kai kalori 120. Dafaffen ƙwai guda bai wuce kalori 80 ba. Ke nan mai soya ƙwai biyu a cikin mai cokali biyu ya ci mai fiye da yadda ya ci ƙwai, kuma sai ya yi tafiyar sauri ta kusan rabin sa'a kafin ya ƙona cokali ɗaya daga ciki. Saboda haka a daina tsiyaya mai daga bakin jarka, a riƙa auna shi da cokali. Ƙosai da alale duk 'ya'yan wake ne, amma ɗaya ya yi wanka a kasko ɗaya kuma turara shi aka yi, don haka mai son rage nauyi ya fifita alale, ko ya ƙayyade wa kansa ƙwayoyin ƙosai ya bar su su tsane a matsami kafin ya ci. Fanke da funkaso da soyayyen dankali da doya su koma abincin marmari, sau ɗaya a mako. Waina ba ta kai su shan mai ba, amma shinkafa ce, kuma matsalarta ita ce tana shiga babu lissafi. A ƙirga kafin a fara, a ci da miyar taushe mai yawan ganye a maimakon barbaɗa mata sukari.

Indomi tana bukatar magana ta musamman, tunda ta zama karin kumallon samari da ɗalibai da ma yara. Taliyar an riga an soya ta a masana'anta kafin a sa ta a leda, garin ɗanɗanonta kuma gishiri ne ya fi yawa a ciki, alhali ƙa'idar gishirin yini duka bai kai gram 5 ba, kimanin ƙaramin cokali guda. In za a ci, a dafa ƙaramar leda ɗaya, a sa rabin garin, a cika tukunyar da kabeji da karas da albasa, a ɗora dafaffen ƙwai, kada kuma a haɗa ta da biredi a zama ɗaya.

Abin da ya kamata ya cika kwanon

Abubuwa biyu ne ke sa ƙoshi ya daɗe: furotin, wato sinadarin gina jiki, da faiba. Dukkansu suna nan a kasuwar ƙauye ba sai an shiga babban kanti ba. Wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen nauyinsa furotin ne, kuma Najeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen nomansa, saboda haka abin takaici ne a ce mai neman rage ƙiba yana kashe kuɗi a kan hatsin kwali na ƙasashen waje, wanda da yawansa an lulluɓe shi da sukari, alhali faten wake da ɓawonsa da ɗan alayyafo ya fi shi riƙe ciki nesa ba kusa ba. Ƙwai guda yana ba da furotin kimanin gram 6. Kindirmo ko nono marar sukari, da awara wadda aka dafa ko aka gasa, da ƙuli-ƙuli, da ɗan kifi, duk suna wannan aikin. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli, in ba a cika masa mai ba, yana cikin mafi kyawun abin da mutum zai fara yini da shi. Ɗanwake ya danganta da mai yinsa, domin a na wasu garin fulawa da na rogo ne suka fi yawa, waken suna kawai ya ara. In a gida ake yi a yawaita garin waken, a auna man da cokali, a yanka masa kabeji da tumatir da ƙwai.

Ɗumame kuwa an raina shi ne kawai domin ana ganinsa abincin rashi. Malmala guda madaidaiciya ta tuwon dawa ko gero ko masara, da miyar kuka ko kuɓewa wadatacciya, ba tare da an kwarara man shanu ba, ta fi shayi da farin biredi riƙe mutum, babu kuma sukari a cikinta ko ƙwaya. Sharaɗi dai a tafasa shi sosai har cikinsa ya yi zafi, musamman lokacin bazara, a kuma tsaya a malmala ɗayan. Fura da nono ma haka take, sai dai a yawaita nonon a rage furar, a kuma ja hannu wajen sukari. Kayan marmari irin gwanda da goba da kankana da lemon zaƙi a ci su da tsokarsu, domin matse ruwansu a kofi yana zubar da faibar ya bar zaƙin. Mata masu ƙarancin jini su lura cewa shan shayi tare da abinci yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa daga wake da ganye, don haka gara a raba tsakaninsu da kamar sa'a guda.

Idan ka zaɓi jinkirtawa

Wanda makon lurarsa ya nuna ba ya jin yunwa da safe yana iya barin abinci sai wajen ƙarfe 11 ko azahar, ya sha ruwa sosai, ya sha ruwan bunu marar sukari in yana so. Amma ya tanadi abin da zai fara ci tun da wuri, domin mai yunwa ba ya zaɓe, duk abin da mai talla ya fara kawowa shi zai saya. Ya kuma binciki dalilin rashin yunwar, domin sau da yawa tuwon da aka nada da ƙarfe 10 na dare ne bai gama narkewa ba, kuma wanda ya dawo da abincin darensa kusa da magariba ya rage yawansa zai ga yunwar safe ta dawo da kanta. Watan azumi ya isa misali: an yi ta auna masu azumi a ƙasashe daban-daban, ana samun sun rage kimanin kilo guda, sannan mafi yawansa ya dawo cikin 'yan makonni bayan salla. Yini babu ci ba ya rage komai in an rama shi a faifan buɗe-baki.

Akwai waɗanda wannan zaɓin bai shafe su ba. Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su glibenclamide, in ya sha magani bai ci abinci ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya kai shi ga jiri da gumi da suma, don haka kada ya sauya lokacin cinsa sai da sanin likitansa. Haka mai juna biyu, da mai shayarwa, da wanda aka ba maganin da ake sha bayan cin abinci, da tsofaffin da cinsu ya riga ya ragu. Yara 'yan makaranta kuma ba a rage musu ƙiba da yunwa. A gyara musu abin da ke cikin kwanon, a cire lemon kwalba da biskit daga kwandon tara, a bar su su karya. Mai neman ƙara nauyi shi ma karin kumallo ne abokinsa, ya ƙara ƙwai da madara da gyaɗa da ayaba, ya nisanci magungunan sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu ke kumbura fuska da tara ruwa a jiki su kuma jawo hawan jini da ciwon sukari.

Yadda za ka san ko tsarin ya karɓe ka

Ka ba kowane tsari mako huɗu kafin ka yanke masa hukunci. Ka hau sikeli sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe bayan ka zaga kafin ka ci komai, kuma sikeli ɗaya za ka riƙa hawa, domin na bakin titi da na asibiti ba sa faɗin magana ɗaya. Ragin rabin kilo a mako ya wadatar, kuma mai kilo 90 da ya sauke kilo 5 zuwa 9 ya riga ya taimaki hawan jininsa da sukarinsa ko da tumbin bai ɓace ba. Ka ari tef ɗin tela ka auna ƙugunka a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, bayan ka saki numfashi, ba tare da ka shanye ciki ba. Abin da ake so shi ne kewayen kada ya kai rabin tsawonka, wato mai tsawon santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85. In mako huɗun sun cika kana kaiwa azahar ba tare da ciye-ciye ba, amma sikeli da tef ba su motsa ba, to ka bar karin kumallon yadda yake, ka ɗauko littafin nan ka fara rubuta abin da ke shiga cikinka daga la'asar zuwa lokacin kwanciya.